Sitan Ɗin da Ban Ɗage Ba

Kafin damunar da zan ba da labarinta, na yi imani cewa hatsarin babur mutum biyu kawai yake samu: wanda bai san abin hawansa ba, da wanda ya sani amma gaggawa ta rinjaye shi. Ban sa kaina cikin ko ɗaya ba. Na karanta aikin gona a jami'a, na yi fiye da shekara ashirin ina malamin gona tsakanin Dutsin-Ma da ƙauyukan Kurfi, kullum a kan babur, ban taɓa yin faɗuwar da za a zo a gaishe ni ba. Na kuma yi imani cewa injin da aka ƙera da ilimi yana tsare mai shi, muddin ya bi littafinsa. Da wannan imanin na ɗauki yayana a bayana wata safiya, kuma a kan gwiwarsa ta dama abin ya ƙare.

Yaya ya girme ni da shekara tara. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe gonakin gidanmu a Ɗantutture, shi kuma ya tsaya na ci gaba da makaranta lokacin da kawunnanmu suka ce a dawo da ni gona. Mutum ne da ƙafafunsa suke ciyar da shi. Yakan bi garma bayan shanu tun sassafe har rana ta take, ya dawo ya ci abinci, ya taka zuwa Tamawa duba wani ɗan'uwa, ya komo kafin magariba kamar bayan gida ya zaga.

Babur ɗin da nake magana a kai ba irin wanda aka saba gani a wajenmu ba ne. Na hannu ne, daga waje aka shigo da shi, irin wanda ake ƙera wa matafiya masu bin hanyar da babu kwalta. Dogo ne, in na tsaya a kansa sai na ɗaga diddige. Nauyinsa ya kusa na ƙananan babura biyu, injinsa da ruwa ake sanyaya shi kamar na mota, ba shi da kik, ba shi da kabireta. Na saye shi ne saboda rairayi da kwazazzaban hanyar gonakin rani na Zobe, inda ƙaramin babur yakan bar mutum yana turi.

Ranar da na fara zuwa da shi gida, Yaya ya zagaye shi sau biyu, hannuwa a baya, yadda yake yi wa sa a kasuwa.

“Wannan mashin ne ko sa?”

“Mashin ne, Yaya.”

“To in ya kwanta wa ke tada shi?”

“Ba ya kwanciya.”

“Halan ba ka taɓa ganin sa ya kwanta cikin huɗa ba, ɗan boko,” in ji shi. Ya ƙi hawa ranar, ya ƙi hawa har shekara biyu.

Cikin waɗannan shekaru biyu babur ɗin ya nuna mini halayensa. Famfon da ke cikin tankinsa ya mutu a shekarar farko, saboda man kwalba da nake saye a bakin hanya. Da bazara abin da ke caza batir ya ƙone, ya bar ni a rana kusa da madatsar ruwa. Shokin gaba ya yi yoyon mai sau biyu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai girgiza imanina ba, ƙarfafa shi ma suka yi, domin kowace matsala nakan same ta a littafin da sunanta da dalilinta. Sai in aika Kano a kawo abin da ya lalace, in tsaya a kan bakanike har ya ɗaura shi yadda aka zana.

Akwai wani abu a jikinsa da na fi alfahari da shi. A gindin sitan, wato ƙarfen gefen hagu da ake kafe babur da shi, an sa wani ɗan makunni. In sitan yana ƙasa ka sa giya, nan take injin zai mutu, ba za ka motsa ba sai ka ɗage shi. Ƙananan babura ba su da wannan, shi ya sa masu su sukan shure sitan da diddige kafin su yi komai, ba tare da sun yi tunani ba. Ni ma shekara ashirin haka diddigena yake yi. Amma da na samu injin da ke tuna mini, sai diddigen ya daina, kuma ban san ranar da ya daina ba. Har nuna wa manoma nake yi da gangan: in sa giya sitan yana ƙasa, injin ya mutu, su yi ta mamaki, ni kuwa in yi musu bayani.

A tsakiyar damuna ta uku, bayan na bi laka kwana huɗu a jere, babur ɗin ya fara mutuwa duk lokacin da na sa giya, ko da sitan yana sama. Na tura shi wurin bakanikena a Dutsin-Ma, wani mutum mai furfura a gemu da ya fi ni daɗewa da injuna nesa ba kusa ba. Ya tsuguna, ya ƙwaƙule lakar da sukundireba, ya busa, ya gwada.

“Yallaɓai, laka ta cinye shi. Ya mutu.”

“To a samo wani.”

“Garin nan? Ko Katsina ba ka samu. Sai Kano, shi ma sai an yi cigiya.”

“Kafin nan fa?”

“Kafin nan sai a yi mashi darek.”

Darek shi ne a yanke wayoyin da ke shiga abin da ya lalace a haɗe su da juna, wuta ta wuce kamar babu shi. Haka ake yi wa fanka da fis da duk wani abin da ya cika damun mutane a wajenmu, kuma na yi shekaru ina kushe wannan ɗabi'a a gaban duk wanda zai saurare ni.

“Littafin ya hana,” na ce masa.

Ya yi dariya ba tare da ya ɗago kai ba. “Wanda ya rubuta littafin ya taɓa bin hanyar Zobe da damuna? In ka ce a bari sai a bari, ka hau ƙafa. Ni ba ni da manoman da ke jirana.”

Ni kuwa ina da su. Tsutsa ta shiga masara a ƙauyuka uku, kowa yana nemana. Na ce a yi, na kwana kaɗan ne. Ya yanke wayoyin biyu, ya murɗe su da yatsa, ya naɗe da baƙin tef. Aikin bai kai tsawon alwala ba. Da zan tafi ya riƙe kan babur ɗin.

“Abu ɗaya zan gaya maka. Daga yau ba mai tuna maka. Ƙafarka ce makunnin.”

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, ba zan ce bai faɗa ba.

Sabon makunnin ya iso daga Kano bayan kwana tara. Na buɗe ledar, na duba lambarsa ta yi daidai da ta littafin, na saka shi a durowar teburina. Sati biyar ya yi a nan. Babur ɗin yana tafiya lafiya, aiki ya yi yawa, kuma duk ranar da na tuna da shi sai in ga ai yau na ɗage sitan da kaina ba wanda ya tuna mini, saboda haka gobe ma ta yi.

Ranar da abin ya faru na je Ɗantutture da sassafe duba masarar gidanmu. Na tarar da Yaya ya sa babbar rigarsa mai ruwan ƙasa, zai tafi Kurfi sadakar uku ta surukinsa. Matarsa tana can tun ranar rasuwar. Niyyarsa ya taka zuwa bakin titi ya jira mota. Na ce ba zai yiwu ba, ga abin hawa a ƙofar gida, kuma ni ma ban yi ta'aziyyar ba. Ya yi ta kawo uzuri, na yi ta kashewa, har ya gaji.

“To yaya ake zama kan sanka?”

Na nuna masa inda zai ɗora ƙafa. Na ce abu ɗaya nake so ya kiyaye: in mun zo kwana na kwantar da babur, ya bi jikina, kada ya miƙe. Ya ce ya fahimta, ya yi bismilla ya hau.

A bakin gari akwai wata tsamiya da dattawa ke zama gindinta. A garinmu ba a wuce su a kan abin hawa, ba a kuma gaishe su daga sama. Na tsaya, na sauke sitan, na bar injin yana aiki, muka sauka muka durƙusa. Su biyar ne a kan tabarma. Aka gaisa, aka tambayi iyali da ruwan bana, aka yi wa mamacin addu'a. Kowannensu yana da saƙon da za a kai gidan makoki: wannan a ce wa babban ɗan mamacin ciwon baya ne ya hana shi zuwa, wancan a ce yana nan tafe ranar bakwai. Ɗaya ya tsokani Yaya cewa yau ya zama ɗan birni.

Muka hau ana ci gaba da magana. Yaya ya tattara rigarsa, ɗaya gefen ya zubo ta hagu har kusa da ƙasa. Ina juya kai ina amsa “za su ji, Baba,” “in sha Allahu,” “amin, amin,” hannuna ya matse kuloci, ƙafata ta sa giya. Injin bai mutu ba, saboda haka a wurina komai daidai ne. Da muka ɗan yi gaba na hango ta madubi ɗaya daga cikin dattawan ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu. Na ɗaga masa nawa.

Hanyar miƙaƙƙiya ce har wajen gonaki uku, sannan ta karya hagu a bakin wani kwazazzabo. Ba gudu nake yi ba. Na kwantar da babur ɗin yadda na saba, sai na ji wani abu ya daki ƙasa a ƙarƙashinmu, tayar baya ta ɗaga, babur ɗin ya ƙi juyawa. Kai tsaye muka nufi bakin kwazazzabon. Na taka birki, muka kife ta dama. Ni ya jefar da ni cikin gero. Yaya kuwa rigarsa ta riƙe shi, babur ɗin ya sauka a kan ƙafarsa da duk nauyinsa, ga dutse a ƙasa.

Bai yi ihu ba. Salati yake yi a hankali, yana maimaitawa. Na tashi da rarrafe na kashe injin, na kama babur ɗin in ɗaga, ya ƙi ko motsi. A lokacin ne na ga sitan. Tun da babur ɗin a gefen dama yake kwance, sitan ɗin yana sama, a miƙe, bakinsa cike da jar ƙasa. Na gane komai a take.

Abin da na yi bayan haka shi ne abin da har yau nake kallo ban gane mutumin da ya yi shi ba. Na ji muryoyin mutane suna tahowa a guje daga gonaki. Yayana yana ƙarƙashin ƙarfe yana salati. Na miƙa hannu na naɗe sitan ɗin, na share ƙasar da ke bakinsa da tafin hannuna. Sannan na fara kiran a zo a taimaka.

Mutum uku suka ɗaga babur ɗin. Da aka janye rigar na ga gwiwar, ta koma wani fasali da ba na gwiwa ba. Wani ya ce santsin laka ne, wani ya ce rairayin kwanar nan ya sha kayar da mutane, aka haɗu a kan ƙaddara. Na bar su a kan haka. Dattijon da ya ɗaga mini hannu ya iso daga baya yana dogara sanda. Ya dubi babur ɗin, ya dube ni, ya tsuguna wajen kan Yaya yana yi masa sannu. Na yi ta jiran ya yi magana, ranar da kuma bayanta. Bai taɓa yi ba.

A-kori-kurar wani mai sayen hatsi ta kai mu asibiti a Dutsin-Ma, daga nan aka tura mu Katsina. Dangi sun so a kai shi wurin mai ɗori, ni na hana. Na ɗaga murya, na yi bayanin ƙashi da jijiya, na ce wannan ba karayar da kara da tsumma za su gyara ba ce. Gaskiya na faɗa, domin likita ya ce ƙoƙon gwiwar ya farfashe, za su yi aiki su ceci ƙafar, amma ko za ta sake lanƙwasuwa ba zai yi alkawari ba. Kowa ya yi ta yaba mini. Ana cewa Allah ya sa akwai mai ilimi a gidan. Matar Yaya, wadda daga gidan makokin mahaifinta ta wuto asibiti, ta ce ba ta san bakin da za ta gode mini da shi ba. Na karɓi duk wannan ina sunkuyar da kai, suna ɗauka kunya ce irin ta ƙane.

Kwana goma sha ɗaya bayan aikin, da la'asar, matarsa ta fita wanke kwanuka, muka rage mu biyu. Ya rame, abinci ba ya shiga, mun ɗora laifin a kan magunguna.

“Malam, matso nan.”

Ba ya kirana Malam sai magana ta yi nauyi. Na ja kujera.

“Mashin ɗin ya gyaru?”

“Ban ma duba ba, Yaya. Bar zancen mashin.”

“A'a, bari in faɗi. Ka yafe mini.” Ya tsaya ya haɗiye yawu. “Ka ce in bi jikinka in mun zo kwana. Da na ga ramin nan tsoro ya kama ni, na miƙe. Ni na kada mu. Na lalata maka abin hawa, na hana ka aikinka, ga ka nan kana kwana kan benci saboda ƙauyancina.”

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Ba komai, Yaya, ƙaddara ce.”

Da kunnena na ji na faɗi haka. Ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya, ya ce Allah ya yi mini albarka. Na tashi na fita. A bakin famfon da ke bayan ɗakin na tsaya, na buɗe ruwa ina wanke hannun da ba abin da ya taɓa. Na naɗe sitan sau ɗaya cikin firgita, wannan ina iya cewa ban yi tunani ba. Amma yanzu a zaune nake, cikin hankalina, na yafe wa mutum laifin da ni na yi masa. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Wata mata da ke jiran ɗibar ruwa ce ta ce, “Malam, in ka gama.”

Na koma na zauna. Na gaya masa daga farko: lakar, darek ɗin, gargaɗin bakanike, tsamiya, hannun dattijo. Na ce ko ya miƙe ko bai miƙe ba, babur ɗin ba zai sha kwanar ba. Ya saurara idonsa a kan silin.

“Sabon abin da aka kawo daga Kano, yana ina?”

“Yana cikin durowa.”

“Tun yaushe?”

“Sati biyar kafin ranar.”

Ya jinjina kai. “To mi ya sa ba wanda ya ga ƙarfen a miƙe? Mutane sun taru.”

“Na naɗe shi kafin su iso.”

“Kai?”

“Ni.”

“Ina kwance a ƙasa?”

“Kana kwance.”

Ƙafar a ɗaure take, ba ya iya juyawa, sai ya juya fuskarsa kawai wajen bango. Na zauna ina kallon ƙeyarsa. A gadon kusa ana yi wa wani tsoho fifita, wani rediyo yana magana can nesa. Na so ya zage ni, ko ya ce in fita. Da ya yi magana muryarsa ba ta canza ba.

“Kwana goma sha ɗaya ina neman gafarar Allah kan abin da ban yi ba.”

Ya ci gaba, fuskarsa tana wajen bango.

“Mantuwa kowa na yi. Ni ma na taɓa barin garma ta yanki sa. Amma naɗewar nan, ɗan boko, wannan a wane aji aka koya maku?”

“Ba a koya mana ba, Yaya.”

“Na ɗauka ko tana cikin littafin.”

Sannan ya ce matarsa ni zan gaya wa da bakina, domin tun da ta zo take yi masa faɗa cewa ya tsufa bai iya zaman mashin ba, ya ja wa ƙanensa asara. Da ta shigo na gaya mata a tsaye. Ta ajiye kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ta zuba kunu a kofi, ta miƙa wa mijinta. Ya shanye duka, karo na farko tun da aka kwantar da shi. Ni ba ta dube ni ba, ranar da sauran kwanakin da muka yi a asibitin.

Na sha tambayar kaina a ina abin ya fara. Wani lokaci in ce ranar da aka murɗe wayoyin, wani lokaci in ce ranar da na rufe durowa. Wani lokaci kuma in koma baya can, ranakun da nake kashe injin da gangan a gaban manoma don su ga abin da nake da shi. Ban tsayar da amsa ba. Bakaniken da na shekara ina kushe aikinsa ya gaya mini gaskiya a fuskata kafin abin ya faru. Ni da na karanta littafin sai da na yi kwana goma sha ɗaya, kuma da Yaya bai nemi gafarata ba, ban san ko zan taɓa faɗa ba. Wannan ne ya fi tsaya mini, domin ba ni da hanyar da zan gwada in sani.

An sallame shi bayan sati shida, an cire ɗaurin bayan wata uku. An yi ta gashi da motsa ƙafar har rani ya shiga. Gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba. Tun daga wannan shekarar a kan kujera Yaya yake sallah, a ƙarshen sahu, ta wajen ƙofa.